Kayan Aro a Cikin Gilashi

Litinin, 13 ga Janairu

Yau Hajiya, shugabar sashenmu, ta raba aikin baje kolin kayan gargajiya da za a buɗe a zauren ƙasa na laburaren jami'armu ranar Litinin mai zuwa. Wasu jigilar kaya, wasu goge akwatunan gilashi, ni kuwa rubuta katin bayani. Kowane kaya da katinsa, Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kada ya wuce kalma arba'in. Kaya sittin da huɗu ne, akwati shida: rubutu, saƙa da kaɗi, rini, tufafi, kuɗi da jaridu, sai gini.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai kafin Laraba na gama." Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Allah ya sa."

Yawancin kayan na aro ne daga gidajen cikin gari. Mako biyu masu su suka ba mu, har da kwanakin shiri, don haka nunin kansa kwana shida kawai zai yi. Hazo ya sauko sosai. Duk gilashin da aka goge da safe, kafin azahar ana iya rubuta suna a kansa da yatsa.

Talata, 14 ga Janairu

Na wuni a ɗakin rubuce-rubucen hannu. Na fara da Alƙur'anin da wani alaramma ya ba mu aro, rubutun kakansa. Yana cikin gafaka, an ɗaure shi cikin tadarishi, warƙoƙinsa a sake, ba ɗinki. Na ɗaga warƙa guda ga hasken taga, sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, babba da matsakaici da ƙarami. Tambari ne na masu yin takarda a arewa maso gabashin Italiya, waɗanda gidan Galvani na garin Pordenone ya fi suna a cikinsu. A ƙarni na 19 takardarsu kan sauka Tarabulus ko Masar, ta hau raƙumi ta keto Sahara. Kafin malamin ya ɗiga mata tawada, ta riga ta ci hanyar da fatake da yawa ba su taɓa ci ba.

Buɗe tagar nan shi ne kuskurena. Iskar hunturu ta shigo ta kwashi wani kundi na laburarenmu da na ajiye a gefe, ta watsa warƙa kusan ashirin a ƙasa. Ba lambar shafi. Abin da marubutan nan ke yi shi ne su sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabata. Da ita na bi na jera goma sha biyu, sauran suka gagare ni, ga gara ta ci kusurwar wasu. A rajistarmu an rubuta a gaban kundin nan: "Ba a san marubuci ba." Haka na kwafa a katinsa. Gobe zan kai wa Alaramma ya taimake ni, in kuma sha faɗa in ya ga dama.

Laraba, 15 ga Janairu

Na same shi a zaure bayan ya sallami almajirai. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ɓarna na yi." Bai ce komai ba. Ya shimfiɗa warƙoƙin a kan buzu ya shiga jera su kamar mai ƙirga kuɗi. Ko shayin da aka kawo mini bai huce ba ya gama.

Ya nuna mini inda na ɓata. A rubutun ƙasar nan, irin na Magariba da ake karanta Warshu da shi, ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Ni da na saba da bugun Gabas, duk ƙaf ɗin da na gani fa nake karantawa. Daga nan ya shiga zancen tawada. Ta allo daban, gawayi ne da ƙaro, don a iya wankewa. Ta takarda kuwa ana dafa bagaruwa da kashin maƙera, ta kama ta zauna. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ɗigon rawaya. Alƙalamin gamba, kowane marubuci da irin fiƙarsa.

Sai ya juya warƙar ƙarshe ya karanta a hankali. Sunan wanda ya kwafi kundin, sunan mahaifinsa, garinsu, malamin da ya kwafa dominsa, da cewa ya gama ranar Alhamis bayan la'asar. Na nuna masa katina. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Ɗana, mutum ya rubuta sunansa da na ubansa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ku kuma kun ce ba a san shi ba. Wa kuka tambaya?"

Ban da amsa.

Kafin in tashi ya maimaita sharuɗɗansa a kan Alƙur'anin kakansa: kada a ajiye shi ƙasa da ƙirjin mai kallo, kada a ɗora komai a kansa, kada mara alwala ya taɓa, kuma kullum a juya warƙa don kada haske ya ci wuri ɗaya. Sharaɗin ƙarshe shi ne daidai abin da littattafan adana kayan tarihi ke koyarwa. Na gaya masa haka, ya yi murmushi ya ce ai shi bai karanta su ba.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sammako zuwa Kano, ni da direba, don sayo kayan akwatin rini. A marinar Ƙofar Mata allon bakin ƙofa yana cewa tun 1498 ake aiki a wurin. Rijiyoyin da ke aiki ba su kai waɗanda aka bari ba, amma masu aikin suna nan tsugune, hannuwa shuɗi har gwiwa, ana tsoma zane ana ɗagawa ya sha iska. Wani dattijo ya nuna mini yadda zanen ke fitowa kore-kore, iska ce ke mai da shi shuɗi a gaban idonka. Baba da toka da ruwa, a juya da muciya, a bar su kwanaki su yi rai. Kalmar da ya yi amfani da ita ke nan. Ya ce rijiya takan mutu, in ta mutu a kwashe katsin da ya kwanta a gindinta, a dunƙule a ƙone. Na sayi dunƙule biyu ban san me zan yi da su ba.

A Kasuwar Kurmi na sami turkuɗi ɗan Kura. Ƙyallaye ne sirara da aka harhaɗa, aka rina, mabuga suka buga shi da garin shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Mai shagon ya ce manyan masu sayensa har gobe Buzaye ne, rawani suke yi da shi can wajen Agadas. Baturen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarimu, ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu. A mota na rubuta katin turkuɗi. Yatsuna sun yi shuɗi, katin ma ya yi.

Juma'a, 17 ga Janairu

Rabin wuni. Mun rataye babbar riga mai aska takwas. Na rubuta cewa an yi aikinta da zaren auduga mai launin ƙasa. Baba Maigadi, da ya shigo taya mu ɗaga akwati, ya murza zaren da yatsa ya ce, "Malam, wannan ai tsamiya ce." Mahaifinsa maɗinki ne. Ya ce tsutsa ce ke saƙa gidanta a jikin itace, a ɗebo a dafa da ruwan toka, a wanke a kaɗa, ya zama siliki. Launin nasa ne na halitta, ba rini. Na yaga katin.

Kati na huɗu ke nan da na yaga. Laraba ta wuce da kwana biyu. Hajiya ba ta tuna mini ba, wanda ya fi tunin ciwo.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau muka jera kaya. A akwatin kaɗi na sa taskira da auduga, masaɓi, dutsen gurza da ɗan ƙarfensa, alli, da mazari na jingine shi yadda na ga ya yi kyau. Iya mai shara tana goge ƙasa ta tsaya a bayana.

"Ɗan nan, wa ya kifa muku mazari?"

Ashe gululun a ƙasa yake zama, ni na sa shi sama. Na buɗe akwatin na miƙa mata don ta gyara. Maimakon haka ta jingine tsintsiya, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta shafa alli a yatsu, ta ɗauki audugar da hagu, ta murza mazarin da dama. Zare ya fara fitowa kamar dama can yana ciki yana jiran a kira shi. Masu jigila duk suka tsaya. Ta ce wannan mai kaurin abawa ne, in ana son arafiya sai a ƙara jan hannu, ta kuwa ja, zaren ya sirance har da ƙyar nake ganinsa.

Ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na karanta: "A da can, matan Hausawa sukan kaɗa auduga da wannan."

"A da can? Jiya da daddare fa na yi. Da me kake tsammani nake sayen goro?"

Da kowa ya watse na zauna na ƙirga. Cikin kati sittin da huɗu, arba'in da ɗaya da "a da" suka fara. Na je Ƙofar Mata shekaranjiya na ga marina da idona, turkuɗin ya ɓata mini yatsu, amma katinsa ma "a da" na sa. Ban san inda na koyi cewa duk abin da ya shiga gilashi sai an yi masa ta'aziyya ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

A gida, ina sake kati. Wanda aka daina da gaske, kamar cinikin wuri, na bar masa "a da". Sauran na mai da su yanzu. Inda na san mai kaya ko wanda ya yi shi, kuma ya yarda, na sa sunansa. Na kira Inna a waya in tambaye ta bambancin gurza da shiɓa. Ta yi dariya har da tari, ta ce gurza fitar da iri ne, shiɓa kuma sassauta audugar da masaɓi, ta kuma ce duk shekarun da na yi ina wasa da taskirarta ashe ido kawai nake da shi. Uwargida ta taya ni yankan kwali har sha ɗaya na dare.

Litinin, 20 ga Janairu

An buɗe. An sa ƙarfe goma, manyan baƙi suka iso sha biyu saura. Ana tsakiyar jawabi na uku wuta ta ɗauke, lasifika ta yi shiru, mai jawabin bai lura ba ya ci gaba. Kowane jawabi ya ce al'adunmu suna ɓacewa, wajibi ne a adana su. Iya tana tsaye can baya da bokitinta.

Manya sun zaga cikin minti goma sha biyar. Ɗalibai sun fi daɗewa, ko da yake rabinsu hoto suka zo ɗauka a gaban babbar riga. Ban ga laifinsu ba; rigar ta cancanci hoto. Na juya warƙar Alƙur'ani kafin in rufe zauren.

Talata, 21 ga Janairu

'Yan firamare aji biyu, da malamarsu. Akwatin kuɗi ya fi jan su. Wuri, anini da kwabo masu huda a tsakiya, taro, sisi, sule. Na gaya musu anini goma ne kwabo, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda, kuma a 1973 aka koma naira, fam ɗaya ya zama naira biyu. Wani yaro ya ce to me kwabo ke saye? Na nuna masa abin da ke gefe: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya cikin Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta. Kuɗinta ke nan a sunanta. Kusa da ita mun jera Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, waɗanda suka fito daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a 1933.

A akwatin rubutu suka yi tsit, don ba su gane cewa waƙar ajamin da ke gabansu Hausa ce ba. Sun ɗauka duk abin da aka rubuta da waɗannan baƙaƙe Larabci ne. Na zaro takardar dubu daga aljihu na nuna musu rubutun da ke jikinta. Wata yarinya, da alama 'yar makarantar allo ce, ta bi shi da yatsa tana haɗa baƙi, sai ta ɗago da ihu, "Malama, naira dubu aka rubuta! Hausa ce!" Tun 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun kuɗi, amma yana nan a ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Daga nan ta koma kan waƙar ta ciro kalma uku. Da ƙyar malamarsu ta janye ta.

Laraba, 22 ga Janairu

Na ajiye littafi mai layi da biro a bakin ƙofa, na rubuta a bangonsa: "In kun ga kuskure, ku gyara mana." Hajiya ta ɗan yi jim, ta ce kada a ce laburare bai san aikinsa ba. Na ce ai an riga an sani, ranki ya daɗe. Ta bar ni.

Gyaran farko daga wani malamin sashen tarihi ya zo. Dalar azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza, na rubuta an yi ta a 1780 saboda shekarar da ke jikinta. Ya ce shekarar rasuwarta ce, kuma duk wadda aka buga bayan nan, har fiye da ƙarni guda, wannan shekarar ake sa mata, don 'yan kasuwa ba sa karɓar wadda ta sauya kama. Yana cikin bayani wani ɗalibi ɗan Damagaram ya ce a wajensu dala tana nan da ranta, sefa biyar ce, jikka kuma sefa dubu. Wani Bakano ya ce a'a, jaka naira ɗari biyu ce, tun tana fam ɗari. Suka yi ta musu har na ce kowa ya rubuta nasa ya sa sunan garinsu. Duka biyun gaskiya ne.

Alhamis, 23 ga Janairu

Akwatin gini shi ne mafi talauci: tubali guda, guntun azara, da hotunan Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Yau wani magini da ke gyaran katanga a bayan laburare ya leƙo shan ruwa. Ya daɗe a gaban hoton bakan gizo yana bin sa da hannu a iska. Da ya zaga akwatin rini ya ga dunƙulen katsina, sai ya ce, "Yallaɓai, wannan ai namu ne, me ya kawo shi nan?"

Da katsi ake laso. A haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara, a shafe rufin soro ko cikin rijiyar rini, ruwa ba ya ratsawa. Na tsaya ina lissafi. Abin da marini ya kwashe ya zubar shi magini ke jira. Gashin daga majemi. Bagaruwar da majemin ke jima da ita, ita ce a tawadar Alaramma, kashin da ke cikinta daga maƙeri, gafakar daga baduku. Mu kuwa mun raba su akwati shida, kowa da makullinsa, yadda muke raba littattafai a kanta. Na ɗauki dunƙule ɗaya na mayar akwatin gini. Shi ya sa na sayi biyu, ashe.

Juma'a, 24 ga Janairu

Bayan an sauko masallaci Alaramma ya zo da almajirai biyar, karonsa na farko a cikin jami'a. Ya cire takalmi a bakin zauren, almajiran suka cire, ɗaliban da ke ciki suka dubi juna, wasu suka cire nasu. Ya auna tsayin akwatin da ƙirjinsa. Ya duba warƙar da ke buɗe, ya ƙirga da yatsu daga ranar Litinin, ya gyaɗa kai.

Na karanta masa sabon katin kundin, da sunan marubucin da na mahaifinsa da garinsu. Ya ce, "To, yanzu sai a biya masa buƙatarsa." Ya ɗaga hannu. Aka yi wa mutumin addu'a a tsakiyar laburare, Baba Maigadi na amin daga bakin ƙofa.

Na roƙe shi izinin ɗaukar hoton Alƙur'anin kakansa warƙa-warƙa kafin mu mayar. Na ba shi labarin shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a Zariya a 1964 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa na Kaduna a 1970, yadda suka riƙa bin gidajen malamai suna ɗaukar hoton littattafai, asalin ya zauna wurin masu shi. Ya ce wannan tsari ya yi, amma a ba shi nasa kwafin a waya, ɗansa zai buɗe masa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun rufe da la'asar. Hoton ya cinye mini safiya, warƙa ɗaya bayan ɗaya, taga a rufe. Da magariba na kai Alƙur'anin da hannuna. Ya kwance tadarishi ya duba farko da tsakiya da ƙarshe, ya ce azumi ya kusa, da shi yake tilawa. Riga ta koma gidansu, akwai ɗaurin aure mako mai zuwa. Turkuɗi da katsi namu ne.

Littafin gyara ya ci shafi ashirin da bakwai, da boko da ajami, har da zanen yadda ake riƙe masaɓi. Hajiya ta karanta shi tsaf a tsaye, ta ce a ba shi lamba a shigar da shi rajista tare da katunan, har waɗanda na yaga. Na zauna cike fom. Da na zo gurbin marubuci na fara jera sunayen waɗanda suka gyara mu: Alaramma, malamin tarihi, maginin, ɗaliban nan biyu. Na zo kan wadda ta kifar da katunana, biro ya tsaya. Shekara tara muna gaisawa kowace safiya, Iya kawai na sani.

Ta riga ta tashi. A kan teburina ta bar ɗan curin zaren da ta kaɗa waccan Asabar ɗin, abawa daga ciki, arafiya daga waje. Na bar gurbin a buɗe. Ranar Litinin ƙarfe bakwai take zuwa, sai in riga ta.